MAI BISHARA A ƘAUYEN NESA: A JE A ZAUNA, KO A LEƘA A DAWO?

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka gama shigar da hatsi rumbu, kwamitocin bishara na ekklesiyoyinmu su kan zauna su tsara fitar rani. A kan tara kuɗin mota, a ɗauki lasifika da kwalin magani da ƙunshin tsofaffin tufafi, a tafi wani ƙauye mai nisa a yi kwana uku, sa'an nan a dawo a ba da rahoto ranar Lahadi. Niyyar mai kyau ce, waɗanda suka ba da kuɗinsu da lokacinsu kuma sun cancanci godiya. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane kwamiti ya yi wa kansa kafin ya sake hayar mota: bayan wata shida, me ya rage a ƙauyen nan?

Tarihin aikin mishan a ƙasar Kano, wanda ya wuce shekara 120, ya ba da amsa. Aikin da ya yi saiwa shi ne na waɗanda suka je da sallama, suka zauna, suka yi noma kamar kowa, suka yi wa jama'a hidima ba tare da sharaɗi ba. A wannan fitowa za mu duba yadda abin ya faru, mu kuma ga abin da ya ke nufi ga ekklesiyar da ta ke shirin aika ma'aikaci zuwa karkara irin ta Gafasa da kewayenta.

ƘASAR DA MU KE MAGANA A KANTA

Gafasa mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ajingi, a gabashin Jihar Kano. Wanda ya tashi daga birni zai bi hanyar Wudil, ya haye gada, ya nufi Gaya, tafiyar da ta ɗara kilomita 60. Ajingi tana maƙwabtaka da Gaya, tana kuma kan iyaka da Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991. Ƙidayar 2006 ta ba Ajingi mutum wajen 174,000, Gaya kuwa wajen 201,000.

Gaya tsohuwar ƙasa ce ƙwarai. Labarin kaka da kakanni ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙarsa, kuma daga Gaya ne maƙeran nan da a ke kira Abagayawa suka tafi Dutsen Dala neman tama. Saboda haka wanda zai shiga wannan ƙasa ya san cewa wurin mutane masu tarihi da sarauta da tsari ya ke shiga. Akwai Sarki, akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni, akwai limamai da malamai da jama'a ke jin maganarsu. Kusan dukan mutanen Musulmi ne, manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, masu kiwon awaki da tumaki da shanu. Ruwan sama na wata huɗu ne, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Da rani samari da yawa su kan tafi ci-rani.

Kirista 'yan ƙasa na karkarar Kano kuwa, yawancinsu daga zuriyar Maguzawa suka fito. A kan same su a ƙasashen da ke kudu da Wudil, kamar Sumaila, da kuma Tudun Wada da Rogo da Ƙaraye. A cikinsu ne aikin bishara na karkara ya fi daɗewa, a wurinsu kuma za mu koyi darasi.

SU WANE NE MAGUZAWA?

Maguzawa Hausawa ne, harshensu Hausa, tushensu ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta su shi ne sun riƙe addinin kakanni bayan da birane suka karɓi Musulunci. Masana da dama suna ganin sunan ya fito daga kalmar Larabci "Majusu." Da wannan suna aka ba su matsayin mutanen amana a ƙarƙashin sarakuna, suna biyan jizya, suna zaune a gonakinsu. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kuma buga littafi a kan addininsu a 1946.

Su kan zauna a manyan gidaje a tsakiyar gonaki, nesa da gari. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gandu tare, kowa kuma yana da gayaunarsa. Mata suna noma sosai, suna da rumbunsu. An san su da ƙwazon noma da riƙon amana da faɗin gaskiya. Amma zama nesa da gari ya sa makaranta da asibiti da hanya suka yi jinkirin isa wurinsu, har wa yau kuma akwai masu kiransu da sunayen raini. Ma'aikacin ekklesiya ya kiyaye bakinsa daga kalmar "arna." Ya tambayi mutane sunan da su ke so a kira su da shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da gaskiya sun fi so a ce da su Hausawa Kirista, ko Masihiyawa.

SHIGA BA SALLAMA

A 1893 samari uku na ƙungiyar da ta zama SIM suka sauka a Ikko da nufin isa ƙasar Hausa: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida da rai.

A 1900 Bishop Tugwell na CMS ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sun zo ba tare da Sarkin Kano Alu ya yarda da zuwansu ba. Sarki ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku. Ƙarfin halinsu abin yabo ne, amma tafiyar ba ta haifi kome a Kano ba. Miller ya koyi darasi. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya yi shekaru yana ba da magani, yana koyar da yara, yana gyara Hausarsa. A 1929 aikin ya koma Wusasa, inda majami'a da asibiti su ke har yanzu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Miller ya ba da ƙarfinsa a ciki.

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Saboda wannan aka tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakuna wajen shekara talatin.

ƘOFAR DA HIDIMA TA BUƊE

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, abubuwa suka sake. A 1933 SIM ta sami wurin zama a Kano. Cikin shekarun da suka biyo baya, hukumomin En'e suka danƙa mata kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda ECWA ke gudanarwa har yau, Musulmi da Kirista suna zuwa daga nesa. Aka kuma buɗe tashoshi a karkara, irin su Garko da Roni da Ƙaraye da Gani, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa.

Mu lura da abin da ya buɗe ƙofar. A lokacin nan babu maganin kuturta mai ƙarfi, mai ciwon kuma abin gudu ne har ga danginsa. Masu jinya suka zauna tare da su shekara da shekaru, suna wanke miki, suna ɗaure ƙafa. Sarakuna da talakawa suka ga haka da idonsu. An sa wa 'yan mishan ƙa'idodi, kamar hana wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, suka yi aiki cikin iyakar nan. Waɗansu da suka warke suka koyi karatu da aikin magani, suka koma garuruwansu suna hidima.

Yau kuturta tana warkewa sarai da haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, ana kuma ba da shi kyauta. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantu da asibitocin mishan da yawa. Amma darasin bai tsufa ba: mutane su kan saurari wanda ya ɗauki nauyin da kowa ke gudu.

'YAN ƘASA SUKA KARƁI AIKI

Bature ɗan mishan, kome ƙwazonsa, yana zaune a gidan kwano, yana tafiya hutu ƙasarsu. Wanda ya shiga gidajen Maguzawa da gaske shi ne mai bishara ɗan ƙasa. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan Afirka, wadda daga baya ta zama EMS. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta a Nijeriya. Rabaran Panya Baba ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, a zamaninsa kuwa yawan ma'aikatan ya ƙaru ƙwarai. Ekklesiyar Angalikan da ta Katolika su ma sun yi aiki cikin Maguzawa. Yau akwai dayosis na Angalikan a Bari, cikin ƙasar Rogo.

Waɗannan ma'aikata su kan je da matansu da 'ya'yansu. A ba su ɗaki da gona, su yi shuka ranar da kowa ya yi, su sha fari tare da kowa. Da dare su kunna fitila su koya wa samari a, ba, ca. Matar mai bishara ta shiga wurin mata, inda namiji baƙo ba ya shiga. Sa'ad da gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yaran da suka fara karatu a zauren mai bishara suna cikin waɗanda suka fi saurin amfana.

A ƙasar Filato ma an bi wannan hanya. Tun ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor na SUM ya fara shirin Faith and Farm, watau bangaskiya da gona, inda a ke koya wa manoma Kirista noma da shanu da gyaran ƙasa, su koma ƙauyukansu su nuna wa maƙwabta.

DARASI DAGA MARAƊI

Akwai labari daga ƙasar Hausa ta Nijar da ya kamata kowane kwamiti ya sani. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya yi aiki da SIM a Maraɗi. Ya yi ta dasa itatuwa domin tsare hamada, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun dā, saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, aka datse sauran, aka tsare su daga dabbobi da wuta, cikin 'yan shekaru sai su zama itace.

Manoma ba su yarda ba da fari. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci: wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya sami hatsi. Mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, mafi yawan itatuwan nan aka sare su. Amma waɗansu manoma kaɗan suka riƙe nasu, domin sun ga iska ta daina binne shuka da rairayi, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, gama gani ya kori ji. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta bazu a kadada wajen miliyan 5 a Nijar.

Abin da aka yi domin a sami hatsi ya tafi tare da hatsin. Abin da mutum ya gani da idonsa ya yarda da shi a zuciyarsa, shi ne ya tsaya. In haka ya ke ga itace a gona, balle bangaskiya a zuciyar mutum.

SHEKARAR FARKO TA MAI ZAMA

To, idan ekklesiya ta yanke shawara za ta aika ma'aikaci ya zauna, yaya zai fara? Ga tsarin da ya dace da shekarar manomi.

Da rani, sallama. Kafin ya sauke kaya, dattawan ekklesiyar da ta aiko shi su raka shi wurin mai unguwa da dagaci, in ya yiwu har wurin hakimi. Su faɗi gaskiya: wannan Kirista ne, ga abin da ya kawo shi, ga waɗanda suka gayyace shi. Kada a ɓoye sunan aikin a ce malamin gona ne kawai, gama ranar da gaskiya ta fito amana ta karye ke nan. Ya je inda aka kira shi, ko da gida ɗaya ne. Ya gai da limamin gari da girmamawa. Ya je suna, ya je jana'iza, ya je gaisuwar mara lafiya. A watannin nan kunnensa ya fi bakinsa aiki. Ya san rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris, da wanda ke ba da bashin hatsi, da inda mace ke zuwa idan haihuwa ta yi gardama.

Da bazara, gona. Ya nemi aron gona ko haya bisa ga al'adar wurin, a gaban shaidu. Ya kai taki. Wurin sassabe ya bar tohon gawo da kalgo da sabara kamar yadda aka yi a Maraɗi. Gawo abokin manomi ne, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi.

Da damina, gayya. Duk wanda ya kira gayya, mai bishara ya ɗauki fartanyarsa ya je, ko Musulmi ne, ko Bamaguje, ko Kirista. A gonarsa ya nuna yaƙi da wuta-wuta: a tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, a ƙone, gama tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai da za su iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. A riƙa juya gonar da wake ko gyaɗa, a ƙara taki. Damina kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa. Gidansa ya kwana cikin gidan sauro, matarsa ta koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma kada ya mai da kansa likita. Ciwon da ya fi ƙarfinsa ya taimaka a kai asibiti da wuri.

Da kaka, ajiya. Talaucin manomi sau da yawa daga nan ya ke farawa. Ya sayar da wake da araha don tsoron ƙwari, sa'an nan ya sayi hatsi da tsada a watan Agusta. Akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a 2007. Idan wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin su kan mutu don rashin iska, ba sai an zuba guba ba. Masu bi kuma za su iya kafa rumbun taimakon juna: kowa ya zuba tiya kaɗan da kaka, a ranta wa mabukaci da damina, ya mayar bayan girbi. A sa mutum uku amintattu su riƙe lissafi a rubuce, a karanta shi a gaban kowa.

Idan rani ya sake zagayowa, sai ajin yaƙi da jahilci. A lokacin nan mutane sun san shi. Wanda ya tambaye shi dalilin begensa, ya amsa a fili da tawali'u. Wanda ya so jin Maganar Allah, ƙofarsa a buɗe ta ke.

TAIMAKO BA TARKO BA NE

A nan ne a ke yawan tuntuɓe. Idan an haƙa rijiya ko burtsatse, ta kowa ce. Idan an kawo magani, na kowa ne. Kada a ce sai wanda ya zo sujada zai sami buhun taki, kada kuma a rubuta sunayen masu karɓar tufafi a kai birni a ce sababbin tuba ne. Maguzawa sun daɗe suna ganin masu zuwa da kyauta daga ɓangarori dabam dabam, kowa yana so ya ƙidaya su cikin nasa. Mutum ba ganima ba ne. Ubangijinmu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, bai kuwa janye warkarwar sauran taran ba.

Yara kuma amanar iyayensu ne. Kada a koya wa yaro addini, ko a ɗauke shi zuwa makaranta a wani gari, sai da sanin iyayensa da yardarsu a gaban shaidu. Hoton matalauci ma amana ne. Kada a ɗauki hoton mutum a tsummansa a watsa a wayoyi domin neman gudummawa ba da izninsa ba.

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, da 'yancin sake addini, da na yaɗa shi. Wannan haƙƙi ne, ba ma jin kunyarsa. Amma haƙƙi yana tafiya da hikima. A watan Oktoba 1991 shirin babban taron wa'azi na Reinhard Bonnke a Kano ya zama sanadin tarzoma, rayuka da yawa suka salwanta. Baƙon ya tafi, 'yan gida ne suka binne gawa. Haka ya ke a ƙauye. Masu kwana uku za su hau motarsu, amma gida biyu ko uku na masu bi da ke wurin su ne za su ci gaba da ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da maƙwabtansu, su ci kasuwa ɗaya. Kalma ɗaya ta zagin addinin wani a lasifika tana iya rushe zumuncin shekara talatin. Kafin a yi kowane taro a tambayi masu bi na wurin, a kuma bi shawararsu.

NAUYIN EKKLESIYAR DA TA AIKA

Aika mutum ya zauna ya fi fitar kwana uku wuya, domin nauyin ba ya ƙarewa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ma'aikacin da aka manta da shi, albashinsa ya yi wata huɗu bai zo ba, ɗansa ba makaranta, matarsa ba kuɗin awo, ko dai ya gudu, ko ya zama mai roƙon waɗanda ya je yi wa hidima. Saboda haka kafin a ɗora masa hannu, ekklesiya ta amsa waɗannan a rubuce.

Na ɗaya, shekara nawa muka ɗauki alkawari? Kada ya gaza biyar. Na biyu, wa zai ba da abincin shekarar farko kafin gonarsa ta yi? Na uku, ina 'ya'yansa za su yi karatu, wa zai biya? Na huɗu, an shawarci matarsa, an kuma koya mata abin da za ta yi? Rabin aikin a hannunta ya ke. Na biyar, wane dattijo ne zai riƙa ziyartarsu, har da damina sa'ad da hanya ta lalace?

A wajen zaɓe kuma, a fi duba hali da Hausa da sanin noma bisa ga yawan takardu. Mafi kyau duka shi ne ɗan wurin, ko ɗan ƙasa mai kama da ita, wanda ba zai raina tuwon dawa da miyar kuka ba. Tun ranar farko ya fara neman wanda zai gaje shi daga cikin mutanen. Ya koya musu su riƙe sujada da kansu, su ba da baiko daga hatsinsu, su gina ɗakin sujada da ƙasa da kara gwargwadon ƙarfinsu. Ginin da hannunsu ya yi za su yaɓe shi kowace shekara. Wanda aka kawo musu daga birni kuwa za su jira birni ta zo ta gyara.

Wannan ba ya nufin fitar rani ba ta da amfani. Tana da shi, idan akwai mai zama a wurin da zai karɓi baƙi, ya gaya musu abin da a ke bukata. Likitan ido na kwana biyu, ko samari masu taya yaɓen ɗaki, ko 'yan zumuntar mata masu koyar da yin sabulu, duk suna ƙarfafa hannunsa. Sai dai a tuna su mataimaka ne. Kuɗin mota da lasifika na fita biyu ko uku, in aka tara, zai yi nisa wajen riƙe iyali guda a bakin aiki.

DOMIN TATTAUNAWA A KWAMITI

1. Ƙauyukan da muka ziyarta cikin shekara biyar da suka wuce, wa ya koma ya duba su? Me ya tarar?

2. Taimakon da mu ke bayarwa, akwai sharaɗi a ɓoye cikinsa? Maƙwabcinmu Musulmi zai iya karɓa ba tare da jin an yi masa tarko ba?

3. Akwai iyali a cikinmu da za su yarda su tafi su zauna? Mu kuma da za mu rage a gida, me muka shirya bayarwa kowane wata?

4. Wace dabara ɗaya ta noma ko ta lafiya ce za mu fara gwadawa a gonakinmu da gidajenmu bana, kafin mu kai wa waɗansu?

A karanta wannan a taron dattawa da na zumuntar mata da na matasa. A yi addu'a domin ma'aikatan da ke zaune a ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina tare da iyalansu, da sarakuna da dagatai da masu unguwannin da ke riƙe da jama'a, da zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu. Ekklesiyar da ta gwada rumbun taimakon juna ko renon tohon itatuwa ta rubuto mana yadda abin ya kasance, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka.